Shin Ko Kun San? Daga Cikin Kogo Gem Ɗin Kasada Ya Fito

Jama'a, yau ku ajiye mini ƙwallo a gefe. Na sani, a gidan gem ɗin unguwa in ka ji ihu ya tashi, to Madrid da Barsa ake yi. Ni kuwa tun ina ɗan makaranta a lungu ake samuna, gaban talabijin ɗin da kowa ya raina, ina lalube cikin duhu ina neman makullin wata ƙofa. Gem ɗin kasada ke nan. A jefa ka wata duniya, a ƙi nuna maka hanya. Tatsuniya ce, sai dai kai ne Gizo, kuma in ka yi wauta kai kura za ta cinye. To, ku gyara zama.

Shin ko kun san kakan waɗannan wasanni ba shi da hoto ko ɗaya? Ko ɗigo! Rubutu ne zalla. Wani Ba'amurke, Will Crowther, shi ya haɗa shi a 1976 a kan wata gandamemiyar kwamfuta mai suna PDP-10, irin wadda sai an ware mata ɗaki. Ita ta rubuto maka inda kake tsaye, kai kuma ka mayar mata da kalma biyu: ɗauki fitila, shiga kogo, buɗe ƙofa. Sunan wasan Colossal Cave Adventure. Kalmar ƙarshe ta sunan nan, wadda muke ce wa kasada, ita ta bi dangin gaba ɗaya har yau. Yadda dai kowane garin sabulu ya zama omo a bakinmu.

Ku tsaya, da saura. Kogon nan na gaske ne! Crowther ya sha rarrafe a cikin kogon Mammoth da ke jihar Kentucky, wanda ba a san wani da ya kai shi tsawo ba a duk duniya. Abin da aka auna zuwa yanzu ya haura kilomita 650. Ya fi Kano zuwa Abuja fa, kuma duk a ƙarƙashin ƙasa, ba rana ba wata. Wani ɓangarensa ya kwafe, ɗaki bayan ɗaki, sannan ya zuba masa dukiya da 'yan dodanni. Dalili? Aurensa ne ya mutu, yana kewar 'ya'yansa mata biyu, yana neman abin da za su riƙa yi tare in sun zo wurinsa. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka gina ARPANET, kakar intanet. Amma da wasan yaransa aka fi tuna shi.

A 1977 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, Don Woods, ya faɗaɗa wasan, ya kai makinsa 350, ya kuma kwantar da wani ƙaton dodo a kan darduma. Ka jefe shi da gatari, a banza. Ashe ga sirrin: ka rubuta cewa za ka kashe shi. Kwamfuta ta tambaye ka cikin gatse, da me, da hannunka? Ka ce eh. Shi ke nan, dodo ya mutu! Ranar da na gwada, sai da na yi minti biyar ina dariya ni kaɗai a ɗaki. Duk wayona ban taɓa kawo wa raina cewa gatse ake amsawa da gaske ba.

Ga wata kuma. Wata matar aure a Kalifoniya, Roberta Williams, wasan kogon nan ya shiga ranta har ya hana ta sukuni. Da ta gama shi sai ta zauna ta tsara nata, mijinta Ken ya rubuta shi a kwamfuta. A 1980 Mystery House ya fito, gem ɗin kasada na farko mai hoto. Hoton fa? Zanen layi-layi, kamar na ɗan aji biyu a bayan littafi. Duk da haka aka sayi fiye da kwafi 10,000, kamfanin Sierra ya tashi daga cikin gidansu. Kun san me? A 2023, bayan shekara 43, mata da mijin suka fito daga ritaya suka sake gina wancan kogon na farko da hoto mai motsi. Tsohuwar zuma!

Shin ko kun san akwai gem ɗin da wannan rubutu da kuke karantawa ya fi shi nauyi? Adventure na na'urar Atari 2600, wanda ya fito a 1980. Dukansa kilobait 4. Gurbin haruffa 4,096 ke nan, kacal. Shafin nan ya ninka shi fiye da sau biyu! A ciki Warren Robinett ya cusa fada uku, dodanni uku, takobi, gada, maganaɗisu, da wani jemage ɓarawo mai fizge maka kaya ya bar maka abin da ba ka so. Jarumin kuwa ɗan murabba'i ne, kamar ƙwayar sukari. Dodannin ma sun fi kama da agwagi.

A lokacin kamfanin ba ya sa sunan wanda ya yi aikin a jikin kwali. Sai Robinett ya yi gum, ya gina ɗakin sirri a cikin wasan, ya rubuta sunansa a ciki. Makullin ɗakin ɗigo ɗaya ne tak, launin toka, maƙale a wani lungu inda ido ba ya kama shi. Ya bar aikin, ya yi gaba abinsa. Can sai wani yaro ɗan shekara 15 ya gano, ya rubuto wa kamfanin wasiƙa. Gogewa za ta ci kuɗi, aka ƙyale. Daga nan al'adar ɓoye abin mamaki a cikin gem ta bazu, Turawa na ce mata ƙwan Ista. Duk ranar da kuka gan ni ina dukan bango a gem kamar mai iskokai, mutumin nan ne ya ja mini.

Akwai kuma wanda aka binne. Wallahi, binnewa ta rami! A 1982 aka ba Howard Scott Warshaw kimanin mako biyar ya gama gem ɗin fim ɗin E.T. don a kama kasuwar Kirsimeti. Ya gama. Masu wasa suka yi ta faɗawa rami suna fitowa suna sake faɗawa, kaya suka yi kwantai. A 1983 aka kwashi kasakasai mota-mota zuwa juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, aka zuba kankare a kai. Shekara 30 ana musu, wasu na cewa ƙanzon kurege ne. A Afrilun 2014 aka kawo motar haƙa. Sai ga su! An tono kimanin 1,300, har da na wasu wasannin. Aka yi gwanjonsu aka tara fiye da dala 100,000, guda kuma yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Shara ta yi daraja.

Mu koma kogo, amma a Japan. A garin Sonobe, kusa da Kyoto, wani yaro yana yawon daji ya ci karo da bakin kogo. Tsoro ya hana shi shiga. Sai da ya samo fitila, ya dawo ya kutsa gabansa na dukan uku-uku. Yaron nan shi ne Shigeru Miyamoto, kuma wannan faɗuwar gaba ita ya zuba a The Legend of Zelda a 1986. Kun lura? Kogo a Amurka, kogo a Japan, mutum biyu da fitila. In ka fara wasan ko sanda ba ka da ita. Ga bakin kogo nan baƙi ƙirin a gabanka, ba wanda zai ce ka shiga. In ka yi ta maza ka shiga, wani tsoho ya miƙo maka takobi.

Af, jarumin wasan mai koren kaya ba shi ne Zelda ba fa! Link sunansa. Zelda gimbiya ce, kuma sunan matar marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald aka ara mata. Ɗan wasan barkwanci Robin Williams kuma ya ara daga gem ɗin ya raɗa wa 'yarsa. Shi kamfanin Nintendo, mai gem ɗin, da karta ya fara, a 1889. Shekara 14 ke nan kafin Turawa su ci Kano.

Kaset ɗin Zelda da ya isa Amurka a 1987 ruwan zinare ne, kuma da ɗan batir a cikinsa mai riƙe maka inda ka tsaya. Yana cikin na farko-farko da suka zo da haka. Wanda bai taɓa wasa ba memori ba, ba zai san girman wannan ni'ima ba. Wata Asabar ni da abokina muka haɗa kuɗin tara na mako guda, muka kama God of War a PS2 tun hantsi. Mai gidan gem ba shi da memori. Awa huɗu muna karɓa-karɓa da hannu ɗaya, tafinmu sharkaf da gumi. Mun iso gaban bos ke nan, fanka ta yi wani gurnani, ɗif! An ɗauke wuta. Kafin a tada janareto komai ya koma farko. Abokina bai ce uffan ba. Ya ajiye hannun gem ɗin a hankali kamar ƙwai, ya zura silifa, ya fita.

Ku ji mugunta. A Zelda ta 2017, Breath of the Wild, an ɓoye wasu 'yan iri 900 a ƙarƙashin duwatsu, kan bishiyoyi, ƙolin tsaunuka. Guda 441 sun ishe ka duk amfanin da za su yi maka. Amma akwai masu naci da suka tsinto 900 ɗin cif. Tukwicinsu? Ɗan tulin kashi na zinare. Ba ya sara, ba ya kariya, ba ya sayuwa. Tirƙashi! Duk da haka wadda ta biyo ta a 2023 ta sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku.

Yanzu ga nawa na gaban goshi: Prince of Persia, 1989. Shin ko kun san yariman nan ƙanin mai gem ɗin ne? Jordan Mechner ya sa wa ƙaninsa David fararen kaya, ya ɗauke shi a bidiyo yana gudu, yana tsalle, yana ɗafe katanga, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana kwafe motsin. Shi ya sa in yarima ya ja birki sai ka ga ya ɗan zame, in ya kama bakin bango ƙafafunsa na lilo. Minti 60 aka ba ka, na agogon gaske, ka ƙwato gimbiya daga hannun waziri Jaffar. In ka mutu ka tashi, amma agogo bai san an yi ba.

A mataki na 4 za ka yi tsalle ta cikin madubi, inuwarka ta ɓalle ta gudu. Daga nan ta yi ta maka ɓarna. Ta shanye maka magani. Ta rufe maka ƙofa kana tsakiyar tsalle. A mataki na 12 ku yi gaba da gaba, takobi da takobi. Ka sare ta, kai ma jininka ya ragu. Kwana uku na yi ina kai kaina nan ina mutuwa, a kwamfutar shagon yayana. Rana ta uku ƙanwata, wadda ko maɓalli ba ta taɓa dannawa ba, tana tsaye a bayana tana ɓare gyaɗa, ta ce, “Yaya, ai kai ne. Ka daina dukansa mana.” Na mayar da takobi kube. Inuwa ma ta mayar. Na taka na shige jikinta, muka koma mutum ɗaya. Har gobe in muka yi musu sai ta tuna mini.

Irin wannan maƙalewar nake so. Amsa tana gabanka tun farko, kai ne ba ka gani ba. Amma akwai maƙalewar da zalunci ce tsagwaronta. Ku ji ta Gabriel Knight 3, na 1999. Kana son hayar babur, dole ka yi shigar wani mutum. Ka manna salatif a wani ɗan rami, ka kora kyanwa ta bi ta ciki, gashinta ya liƙe. Ka shafa masa ruwan zaƙi, ka ɗora a leɓe. Ga gashin baki. To shi mutumin da kake kwaikwayo fa? Ba shi da gashin baki! Sai ka sace fasfonsa ka zana masa da alƙalami. Don Allah, wane mai hankali ne zai gano wannan?

The Secret of Monkey Island, 1990, shi kuma faɗan takobinsa da baki ake yi. Abokin gaba ya jefo maka baƙar magana, kai ka zaɓi amsar da ta dace da ita. In ta zauna, ka matsa shi baya. In ta yi lami, ka sha kashi, amma ka tafi da sabuwar baƙar magana a aljihu. Duk wanda ya tashi da taubashi a gida, ko ya taɓa ganin Bakano da Bazazzagi sun haɗu a wurin biki, ya riga ya sha horo. Jarumin, Guybrush, yana cika baki cewa zai iya riƙe numfashi minti goma. Ku bar shi a ƙarƙashin ruwa ku duba agogo. Minti goma cif, ya mace! A kashi na biyu kuma, 1991, sai ka ɗauki biri sukutum ka kwance famfo da shi, saboda a Turancin Amurka akwai wata sifana da ake ce wa ta biri. Wanda bai san laƙabin ba, ko shekara zai kwana a wurin.

Lara Croft ta Tomb Raider tana da titi. Titi na kwalta! A birnin Derby na Ingila, inda aka ƙirƙiro ta a 1996, an raɗa wa wata hanya sunanta a 2010. A kashi na biyu kuma akwai tsohon hadiminta mai binta da farantin shayi yana kakkarwa, yara a duniya suka gano ana iya kulle shi a ɗakin ƙanƙara. Na kulle shi. Allah Ya yafe mini.

Shin ko kun san harsashi ba ya samun Nathan Drake na Uncharted? Duk wannan dushewar da allo ke yi in ana harbinsa, sa'arsa ce ke ƙarewa. Masu gem ɗin da kansu suka faɗa a 2018. Sai sa'a ta ƙare sannan guda ya same shi. A kashi na uku, 2011, birnin da yake nema a hamadar Rub'ul Khali shi ne Iram, wanda kowane ɗan makarantar allo ya san sunansa daga Suratul Fajri.

Na ce makarantar allo, sai na tuna. Assassin's Creed Mirage na 2023 a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa yake, ƙarni na 9, har da Baitul Hikma, kuma ana iya sa shi da muryoyin Larabci. A ciki ana kiran salla. Wata rana da hantsi ina tsallake rufin gidaje a birnin, ladan ya ɗaga murya. Sai ga Umma ta ɗaga labule. “Kai, ba ka ji ana kira ba ne?” Na ce, “Umma, na Bagadaza ne.” Ta dubi agogo, ta dube ni, ta ce, “To in na garinku ya yi, kada in sake magana.”

Wani da ya riga shi a jerin, Origins, ya fito ranar 27 ga Oktoban 2017 da ɗakunan ɓoye a cikin Babbar Dalar Giza, bisa hasashen wani masanin gini Bafaranshe, Jean-Pierre Houdin. Ranar 2 ga Nuwamba, kwana 6 tsakani, masana suka sanar sun gano wani ƙaton gurbi a cikin dalar, tsawonsa aƙalla mita 30. Ikon Allah! Muryar jarumin gem ɗin kuwa ta Abubakar Salim ce, haifaffen Ingila ɗan asalin Kenya. A 2024 ya fitar da nasa, Tales of Kenzera: ZAU, labarin yaron da ke ciniki da mutuwa don ta dawo masa da mahaifinsa. Nasa mahaifin ne ya rasu, shi ya yi wa. Har da muryoyin Swahili. A 1976 uba ya yi wa 'ya'yansa, a 2024 ɗa ya yi wa ubansa.

Maƙwabtanmu ma ba a bar su a baya ba. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games suka fitar da Aurion a 2016, sarki da sarauniya da aka yi wa juyin mulki ranar aurensu. Suna aikin ana ɗauke musu wuta. Ni awa huɗun God of War kawai na rasa na kusa kuka.

Ga lambar da za ta sa ku jiri. No Man's Sky, 2016, yana da duniyoyi 18,446,744,073,709,551,616. Ku ƙirga gidajen lambar, 20 ne. In kowace za ka ba ta daƙiƙa ɗaya tak, ba ci ba barci, sai ka yi kusan shekara biliyan 585. Na ziyarci wajen 30, na fara hamma.

Journey na 2012 kuwa awa biyu ne kacal, ba kalma ko ɗaya a cikin wasan, kuma har yau yana raina. Kai ne cikin jan mayafi, ga hamada, ga dutse can nesa yana haske. Kana tafiya sai ka ga wani irinka. Mutum ne na gaske, daga wata ƙasa, ta intanet. Ba suna, ba hira, sai 'yar ƙara ɗaya kamar ta tsuntsu. Nawa abokin tafiyar, duk sanda na faɗo sai ya tsaya ya jira ni. A cikin dusar ƙanƙara muka riƙa matsowa jikin juna don mayafinmu ya yi ɗumi. Sai bayan an gama aka nuna mini sunan da yake wasa da shi, sau ɗaya, shi ke nan. Kiɗan wasan har takarar kyautar Grammy ya shiga.

Shi wancan kogon na 1976 yana nan a intanet, kyauta, ko ƙaramar waya za ta ɗauke shi. Ku nemo. Ku tanadi biro da takarda, don sai kun zana taswira da hannunku. Kada ku shiga ba fitila. Dodon kan darduma na riga na ba ku satar amsarsa. Akwai kuma maciji da ya tare hanya tun kafin ku kai can, wannan kam ba zan faɗa ba.